Wai an ga abin da ya fi haske gudu: maganar tsartuwar kwezar

Akwai wani bidiyo da ke ta yawo a WhatsApp kwanakin nan, mai maganar yana cewa wai masana sun gano wani abu a sararin samaniya da ya ninka haske gudu har sau goma, don haka lissafin Einstein ya rushe. An turo mani shi a guruf ɗin 'yan ajinmu, an sake turowa a na dangi, kowa da alamar tambayarsa, saboda an san fiziks nake koyarwa kuma ni ne mai yawan cika baki cewa babu abin da ke wuce haske. To awon da mutumin ya ambata gaskiya ne, an yi shi, kuma ba jiya aka yi ba, tun 1971 ne. Fassarar da ya yi wa awon ita ce ba daidai ba. Abin da aka auna tsartuwar kwezar ne, wato siririn abin da ke fesowa da gudu daga kwezar, tsakiyar wani tarin taurari mai nisa da ke fidda haske mai tsanani. Amma kafin in kai ga nan sai na ɗan ja ku baya, don in ba a san daga ina abin yake fitowa ba maganar ba za ta zauna ba.

A shekarun 1950 masu nazarin sama da na'urar rediyo a Kambirij ta Ingila sun riƙa tattara jerin wuraren da siginar rediyo mai ƙarfi ke zuwa daga gare su, jeri na uku ya fito a 1959, shi ya sa za ka ga sunaye irin su 3C 273 da 3C 279, wato lamba kaza a jeri na uku na Kambirij. Matsalar na'urorin lokacin ba su iya nuna maka takamaiman wuri, sai dai su ce abin yana ta wannan yankin. A 1962 wani mai suna Cyril Hazard da abokan aikinsa suka yi wata dabara da ƙaton farantin rediyo na Parkes a Ostireliya. Wata zai gifta ta gaban 3C 273, to sai suka zauna suka sa ido, daidai sakan ɗin da siginar ta ɗauke suka rubuta, daidai sakan ɗin da ta dawo suka rubuta, tunda kau an san inda gefen wata yake a kowane lokaci sai ga wurin ya fito fili. Kuma ba abu ɗaya suka tarar ba, biyu ne kusa da juna.

Da aka juya babbar na'urar hangen nesa ta dutsen Palomar a Kalifoniya wajen, sai aka ga ɗayan ɗigon haske ne kamar kowane tauraro, ɗayan kuma yana ƙarshen wani siririn zare mai dishi-dishi da ya miƙe daga jikin ɗigon. Maarten Schmidt, mutumin Holan, shi ya warware hasken ɗigon zuwa launukansa a farkon 1963 ya ga layukan haidurojin ne da kowa ya sani amma sun gusa wajen ja da kusan kashi 16 cikin 100, kuma iya nisan abu a sararin samaniya iya yawan wannan gusawar. Ma'anar wannan ita ce abin ba tauraron unguwarmu ba ne, yana can nisan da haske ke yin wajen shekara biliyan 2 kafin ya iso mu. Haske fa yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan sakanni ne. Abin da ke wannan nisan amma ana iya ganinsa da ƙaramar na'ura to ba ƙaramin haske gare shi ba, an ƙiyasta ya kai na rana irin tamu tiriliyan 4. Shi ne kwezar na farko da aka tabbatar. Wancan siririn zaren kuma shi ne tsartuwar da muke magana, tsawon abin da muke gani nata ya kai shekarun haske 200,000 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya), wato ninki biyu na faɗin galaksinmu gaba ɗaya, tarin taurarin da ranarmu ke ciki.

Ba ma ita ce tsartuwa ta farko da ido ya gani ba. Tun 1918 Heber Curtis ya lura da wani miƙaƙƙen layin haske da ke fita daga tsakiyar galaksin M87, ya rubuta ya wuce, babu wanda ya san ko mene ne har shekaru da dama.

Yanzu abin da mutane suka fi ruɗewa a kai. Za ka ji ana cewa baƙin rami ne ke amayar da wuta. A'a. Abin da ya riga ya tsallaka iyakar baƙin rami ya tafi kenan, ko haske ba ya dawowa. Duk hasken kwezar da tsartuwarsa daga waje suke, daga bakin ramin. A tsakiyar galaksi akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi ɗaruruwa ko ma biliyoyi, wanda ya kai nauyin rana biliyan 1 daga tsakiyarsa zuwa iyakarsa wajen kilomita biliyan 3 ne, kusan nisan rana zuwa Yuranus. Iskar gas da ke gangarowa ba ta faɗawa kai tsaye, zagaye take yi ta zama faifai, tana gugar juna tana zafi har ta yi ta fidda haske. Wannan hanyar tana iya juya wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin abu zuwa makamashi, alhali ƙonewar da ke cikin rana ko kashi 1 ba ta kai ba, 0.7 ne. Edwin Salpeter a Amurka da Yakov Zeldovich a Tarayyar Sobiyet su suka fara kawo wannan tunanin a 1964, Donald Lynden-Bell ya ƙarfafa shi a 1969.

Faifan ya bayyana hasken, amma bai bayyana tsartuwar ba, kuma ba kowane kwezar ke da ita mai ƙarfi ba, wajen 1 cikin 10 ne kawai. Bayanin da aka fi tsayawa a kai na Roger Blandford da Roman Znajek ne na 1977. Gas ɗin da ke faifan ya yi zafin da elektiron sun rabu da iyayensu, ya zama filasma, ita kuma filasma tana jan layukan maganaɗisu duk inda ta nufa, sai ta yi ta tara su a bakin ramin. In ramin yana juyawa, to sararin da ke kewaye da shi ma dole ya juya tare da shi, wannan kai tsaye daga lissafin Einstein ɗin da aka ce ya rushe yake fitowa. Layukan maganaɗisun sai su murɗe su yi ta murɗewa ta saman ramin da ta ƙasansa, murɗewar nan ce ke tunkuɗa makamashi waje ta ɓangarorin biyu, kuma ita ce ke matse shi ya tafi siriri maimakon ya watse. Wato juyin ramin ake tatsa. A 1982 Blandford ɗin dai tare da David Payne suka nuna faifan kansa ma yana iya wurga abu waje ta layukan maganaɗisu, kuma da alama duka biyun suna aiki a lokaci guda, na ramin a tsakiya da gudu, na faifan a gefe a hankali. Abin da ya fi burge ni a nan wani lissafin kwamfuta ne na 2011 da Alexander Tchekhovskoy da Ramesh Narayan da Jonathan McKinney suka yi, suka ga in maganaɗisu ya taru sosai kuma ramin na juyi da ƙarfi, makamashin da ke fita ta tsartuwa yana iya fin duk na abin da ke faɗawa ciki. Ba daga babu rarar ta zo ba, daga juyin ramin aka cire ta.

To mu dawo kan gudun. Wani kawuna da muke zama majalisa ɗaya bayan isha'i nan wajen Ƙofar Ƙaura, tsohon direban babbar mota ne, shi ya fi kowa matsa mani. Ya miƙo mani wayarsa ya ce, "Kai malamin makaranta, ba kai ka ce mana haske ne sarkin gudu ba? Ga Turawan naka sun ƙaryata kansu." Na ce Kawu ba su ƙaryata ba, ba ni aron hanyar Kano in nuna maka. A ce zamanin da babu waya ne, kana Kano za ka taho Katsina, ka ba direban wata mota saƙo ya kawo mani cewa ga ka nan ka taso, kai kuma ka shiga taka motar ka biyo shi a gindi, gudunku kusan ɗaya, ya ɗan fi ka kaɗan. Kun wuce Bichi, kun wuce Tsanyawa, kun wuce Kankiya, da ka iso Charanchi sai ka sake ba wata mota mai gudun ta farko saƙo cewa ga ka a Charanchi. Ni da ke zaune a Katsina saƙon farko zai same ni, bayan minti biyar na biyu ya iso. In na ɗauki tazarar isowar saƙonnin a matsayin tsawon tafiyarka sai in ce Kawu ya yi Kano zuwa Charanchi a minti biyar. Ya yi dariya ya ce, "Ko da ƙuruciyata ban yi wannan ba." Na ce to haka abin yake, saƙon shi ne haske, kai ne dunƙulen filasmar da ke bin sa a baya.

Ga shi da lambobi ga mai son ya gwada da kalkuleta. A ce wani dunƙule a cikin tsartuwa yana tafiya da kashi 99.5 cikin 100 na gudun haske, kuma ya nufo mu amma ya ɗan kauce da digiri 6. A shekara 100 zai ci shekarun haske 99.5. Daga cikin wannan, wajen 99 matsowa ce ya yi gare mu, wajen 10 kuma gusawa ce ta gefe, kuma ta gefen ce kaɗai muke iya gani a hoto. Hasken da ya saki a ƙarshen tafiyar ya taso a makare da shekara 100, amma an rage mashi hanya da shekarun haske 99, don haka bayan shekara 1 kacal da isowar na farko shi ma zai iso. Mu a nan sai mu ga abu ya gusa shekarun haske 10 a shekara 1. Ga sau goman da ake ta yaɗawa. Babu inda dunƙulen ya wuce haske.

Kuma ba bayan an gani aka ƙirƙiro uzuri ba, wannan ne ya kamata mai bidiyon ya faɗa. Martin Rees, yana matashi a Kambirij, ya rubuta tun 1966 cewa in abu na gudu kusa da na haske ya nufo mu to za a ga kamar ya fi haske. Shekara biyar bayan nan aka auna shi a 3C 279 da 3C 273, ta hanyar haɗa farantan rediyo masu nisan dubban kilomita tsakaninsu su yi aiki kamar faranti ɗaya. Yau ma haka ake yi, akwai jerin faranti 10 na Amurka da ake kira VLBA, daga Hawai har tsibiran Karebiyan, suna bin ɗaruruwan tsartuwa shekara da shekaru. A M87 ma na'urar hangen nesa ta Hubble ta auna dunƙulen da ke nuna kamar sau 6 na gudun haske a 1999. Ni a wurina wannan awon shi ne babbar shaidar cewa tsartuwar na gudu dab da na haske, don in a hankali take tafiya wannan ruɗin idon ba zai taɓa faruwa ba.

Gudun nan bai tsaya ga ruɗa mana agogo ba, har hasken yake sauyawa. Duba hoton 3C 273 kowanne, tsartuwa ɗaya za ka gani, gefe guda. Amma na ce ta sama da ta ƙasa ramin ke fiddawa, ina ɗayar? Tana nan. Abu in yana irin wannan gudun, hasken da yake fitarwa ba ya bazuwa ko'ina daidai, tattaruwa yake ya nufi gaba cikin ɗan ƙaramin kusurwa, a misalinmu na sama wajen digiri 6 ne. Wadda ta nufo mu sai ta ƙara haske, wadda ta ba mu baya sai ta dushe, kuma bambancin a wannan misalin ya haura sau 30,000. Wani zai ce ai wannan zato ne, halan dama gefe ɗaya take fita. An gwada. A 1988 Robert Laing da Simon Garrington suka duba manyan gajimaren rediyo biyu da ke gefe da gefen irin waɗannan kwezar, inda tsartuwa ke zubewa, suka ga kusan kullum gajimaren da ke ɓangaren tsartuwar da ake gani siginarsa ba ta hargitse sosai ba, ɗayan kuma ta hargitse, alamar ta ratso gas mai yawa kafin ta iso, wato shi ne na nesa. Ɓangaren da muke ganin tsartuwa shi ne na kusa da mu. Kuma gajimaren na nesa wa ke ciyar da shi in babu tsartuwa a can?

Daga nan ne aka gane sunaye da yawa da aka raɗa wa abubuwa daban-daban ashe abu ɗaya ne, inda muka tsaya ne ya bambanta. In ka gan shi ta gefe, ƙurar da ta kewaye tsakiyar ta rufe maka faifan, sai ka ce galaksin rediyo ne. In ya ɗan juyo gare ka ka hango faifan, kwezar. In tsartuwar ta saito ka kusan kai tsaye sai haskenta ya danne komai, yana hawa yana sauka cikin kwanaki ko sa'o'i, shi ake kira bilezar. Peter Barthel ya kawo hujjar wannan a 1989, ya sa iyakar kwezar da galaksin rediyo wajen digiri 45. Ba komai wannan ya bayyana ba, akwai bambancin gaske na yawan abin da ramin ke ci, amma ya share rabin ruɗanin.

Siffar tsartuwar daga tushe zuwa ƙarshe, M87 ce ta fi nuna mana ita don ita ce kusa, shekarun haske miliyan 55, duk da ita ba kwezar ba ce, raminta ba ya samun abinci sosai. Ita ce dai wadda aka fitar da hoton inuwar raminta ranar 10 ga Afrilu 2019, zoben nan mai ruwan lemo da ya cika Facebook, nauyin rana biliyan 6.5. A gindi tsartuwar buɗe take sosai, sannan ta yi ta tsukewa a hankali har nisan da ya ninka girman ramin sau dubbai ɗaruruwa, kuma a wannan tsakanin ne take ƙara gudu, ba da cikakken gudu take tashi ba. Gefunanta sun fi tsakiyarta haske. Bayan nan sai ƙulle-ƙulle, wuraren da suka fi haske jere a kan hanya, inda ake ganin filasma mai sauri ta cim ma ta gabanta ta buge ta, ko matsin gas na waje ya shaƙe tsartuwar. A 2023 aka fitar da hoton da ya nuna zoben da gindin tsartuwar tare a haɗe. Ita 3C 279 kuma da aka leƙa can cikinta da na'urorin da suka ɗauki hoton M87, hoton ya fito 2020, sai aka ga gindin a karkace yake, ba miƙe ba kamar yadda aka zata.

Can ƙarshe kuma labari biyu ne. Masu ƙarfi suna riƙe siririn jikinsu har su fita daga galaksin, su je su daki siririn gas ɗin da ke tsakanin galaksi da galaksi, wurin dukan ya yi haske sosai, abin da ya fantsama ya koma baya ya zama gajimaren nan biyu, Cygnus A ita ce misalin da ake sawa a kowane littafi. Marasa ƙarfi kuma tun a hanya suke cakuɗa da gas su rage gudu su bazu, haskensu ya fi yawa kusa da tsakiya. Wannan rabon gida biyu Bernie Fanaroff da Julia Riley suka yi shi a 1974, har yau da sunansu ake kiransa. Tsawo kuma ba a magana, a 2024 aka sanar da wata da aka sa wa suna Porphyrion, daga wannan ƙarshe zuwa wancan shekarun haske miliyan 23.

Hasken kansa ba na zafi ba ne irin na garwashi ko na rana. Elektiron ne masu gudu dab da na haske suke kewaya layukan maganaɗisu, duk lanƙwasar da suka yi sai su saki haske, ana ce mashi hasken sinkurotiron. Iosif Shklovsky na Sobiyet ya ce shi ne a tsartuwar M87, Walter Baade ya tabbatar a 1956 da ya ga kaɗawar hasken ta fi karkata ɓangare guda, wanda hasken zafi ba ya yin haka. Wannan hanyar ke ba da rediyo har zuwa hasken da ido ke gani. Sannan waɗannan elektiron ɗin dai suna iya karo da ƙwayar haske mai rauni su harba ta ta koma mai ƙarfin gaske, ta nan hasken gamma ke fitowa.

Inda rigimar take shi ne eksire, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. A 1999 aka harba na'urar Chandra mai kallon eksire, da za a saita idonta sai aka zaɓi wani kwezar mai suna PKS 0637-752 don ana zaton ɗigo ne tsaf, ya dace da gwaji. Hoto na fitowa sai ga tsartuwa a gefensa tana walƙiya da eksire, nesa ƙwarai da tsakiya, kuma hasken ya fi abin da lissafin sinkurotiron na rediyon ya ba da nesa ba kusa ba. Bayanin da ya karɓu a shekarun 2000 shi ne tsartuwar har can nesa tana nan da cikakken gudunta, elektiron ɗinta na harba raunanan ƙwayoyin hasken da ya rage tun farkon halittar sararin samaniya su zama eksire. Bayani ne mai kyau, har da abin da za a kama shi da shi, don in haka ne dole a ga wani adadi na hasken gamma. Na'urar Fermi mai kallon gamma da aka harba a 2008 ta duba, Eileen Meyer da Markos Georganopoulos suka nuna a 2014 cewa a 3C 273 wannan gamman babu shi, daga baya aka ga haka a PKS 0637-752 ɗin ma. Sai aka koma ga cewa akwai wani rukunin elektiron na biyu masu ƙarfin tsiya da ke ba da eksire ɗin. To amma irin waɗannan ba su daɗewa, cikin shekaru kaɗan zuwa ɗaruruwa sun zubar da ƙarfinsu, ga shi kuma ana ganinsu nisan shekarun haske dubbai ɗaruruwa daga ramin. Kenan ba daga gida suka taho da ƙarfin ba, a nan inda suke ake ƙara masu shi, ko ta bugun filasma ko ta tsinkewa da sake haɗuwar layukan maganaɗisu ko ta gugar tsakiya mai sauri da gefe mai nawa. A 3C 273 ma abin a jere yake, eksire ya fi ƙarfi a farkon ɓangaren da ke haske, rediyo ya fi ƙarfi a can ƙarshe. Wannan ita ce muhawarar gaske da masana ke yi yanzu, ba maganar Einstein ba, amma wa zai yi bidiyo a kanta ya samu masu kallo.

Haka maganar me ke cikin tsartuwar, elektiron da kishiyoyinsu fozitiron ne kawai ko da furoton a ciki. Ranar 22 ga Satumba 2017 na'urar IceCube da ke binne cikin ƙanƙarar Antatika ta kama wani niyutirino mai ƙarfin gaske, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ke ratsa kusan komai ta wuce, da aka bi hanyar da ya fito sai ta nuna wani bilezar mai suna TXS 0506+056 wanda a lokacin yake tsakiyar tashin gamma. Irin wannan niyutirinon sai da furoton ake samunsa. Ƙwaya ɗaya ce dai, don haka ni ba zan ce an gama magana ba, amma ta karkata awon.

Fanaroff ɗin can da na ambata ɗan Afirka ta Kudu ne, kuma shi ya jagoranci neman da ƙasarsu ta yi har aka ba ta rabin babban aikin farantan rediyo na SKA, yanzu suna da MeerKAT mai faranti 64 a hamadar Karoo tun 2018. Gana ta gyara tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya koma na nazarin sama a 2017. Cikin ƙasashen Afirka takwas da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a aikin babu Najeriya, alhali Samuel Okoye namu tun tsakiyar shekarun 1960 yana Kambirij tare da Antony Hewish suna wannan aikin na rediyo. Mu nan Katsina kuma muna alfahari da Muhammad al-Katsinawi masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, amma ɗalibaina har su gama aji shida ba wanda ya taɓa sa ido a na'urar hangen nesa. Abin yana ci mani rai.

Ga wanda ke da na'urar ko zai iya aro, 3C 273 tana cikin burujin Sumbula, can ma M87 da 3C 279 suke. Daga Katsina wurin ya yi mana daɗi, don in ta kai tsakiyar tafiyarta tana hawa har digiri 79, kusan tsakar ka. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu da tsakar dare take kaiwa nan, a Mayu kuma wajen ƙarfe 9 na dare, sai dai a nemi daren da babu wata kuma ƙura ta kwanta, in an fita bayan gari ta hanyar Jibiya ko Daura ya fi. Ta fi abin da ido ke iya gani dushewa wajen sau 600, don haka ana son madubi mai faɗin inci 6 zuwa 8 da taswirar taurarin wurin a waya, in ba haka ba ba za ka bambanta ta da na kusa da ita ba. Ɗigon kawai za ka gani, tsartuwar sai manyan na'urori. Amma hotunan rediyo da shirin MOJAVE ke ɗauka da VLBA suna nan a intanet kyauta, kowanne da kwanan watansa. Zangon karatu mai zuwa in Allah ya kai mu zan buga na shekaru daban-daban a takarda in raba wa 'yan aji shida, kowa ya zo da rula da kalkuleta, su auna gusawar dunƙulen su fitar da gudun da kansu, sannan su nemo mani kusurwar da za ta ba da wannan amsar.